Lauyan Da Ke Durƙusa Wa Shaida

Bari in fara faɗin laifina da bakina, kafin wani ɗan Rano ya riga ni a ƙasan wannan rubutu. Shekara goma sha tara ina ɗaure hular lauya a bayan babur ɗina, kuma duk kotunan da nake zuwa babu inda ake sa ta. Farar hular nan nake nufi, mai kama da gashin tunkiya. Tana cikin baƙar jaka, ni kuma ina barin bakin jakar a ɗan buɗe, yadda duk wanda ya biyo ni a hanyar Kibiya zai ga farin ya leƙo, ya san ba mai tallar maganin ƙwari ne a gabansa ba. Sau ɗaya tak na taɓa sa ta a gaban alƙali. Sau ɗayan nan kuwa shi ya dawo da ni gida.

Sunana Gali. Barista Gali, in kun ga dama. Shekarata arba'in da bakwai, ban taɓa aure ba, kuma kafin daminar bana ban taɓa cin shari'a ba. Abu biyun nan a haɗe suke, za ku gani.

Da na gama karatu, wani babban lauya a Kano ya ɗauke ni aiki, Barista Mukhtar, mutum mai sanƙo da 'yar siririyar murya. Wata shida ina bin sa da fayil. Ran nan a mota ya juyo ya ce, "Gali, yau kai za ka yi wa shaidarsu tambayoyi. Tsohon ƙarya yake yi. Tambaya uku kawai, ka titsiye shi, ka zauna."

Na sa hula, na sa baƙar riga, na miƙe. Sai na ga shaidan. Dattijo ne, gemu fari fat, da carbi a hannu, sak marigayi babanmu. Masu karatu, ni ban ba gwiwoyina umarni ba. Na dai tsinci kaina a durƙushe, takalmi a gefe, ina cewa, "Baba, an tashi lafiya? Ya gajiya? Ya iyali?" Ya amsa min tsaf, har ya sa min albarka. Da ƙyar na lalubo tambayar farko, na ce, "Baba, ba wai na ce ba haka aka yi ba, amma ko an ɗan manta?" Ya ce, "Wallahi haka aka yi, ɗan nan." Na ce, "To shi ke nan, tunda ka rantse." Na koma na zauna.

Muka koma ofis, Barista Mukhtar ya dube ni. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Gali, na zauna na kalle ka da kyau. Kai ba lauya ba ne. Ka je ka nemi ladanci."

A motar Rano na yi alkawari biyu. Ba zan bar aikin lauya ba, kuma ba zan yi aure ba sai na ci shari'a ɗaya. A lokacin na ɗauka maganar wata uku ce.

Na kama shago tsakanin mai faci da mai injin markaɗe, na sa aka rubuta min allo. Abin da ba a koya mana a makaranta ba shi ne, mutumin Rano ba ya ɗaukar lauya. In an cuce shi ya je wajen mai unguwa. In ba ta yiwu ba ya je wajen liman. In ta ƙi ya ce Allah ya isa, ya koma gona. Don haka abin da nake ci da shi shi ne rubuta yarjejeniyar sayar da babur, da takardar rantsuwar shekarun haihuwa, da 'yar masarata a Madachi. Akwai mutumin da na rage wa shekara sau uku, yanzu ya kusa zama ƙanin ɗansa.

Amma ban fasa ba. Kowace Litinin da Alhamis ina kotu, da kwat da taye, a kujerar baya, da fayil mai kauri wanda tsofaffin jaridu ne a ciki. Kowace safiya bayan asuba ina tsayawa gaban madubi, in nuna shi da yatsa, in ce, "Ina faɗa maka ƙarya kake yi!" Shekara da shekaru haka. Sai dai tun da furfura ta fara fito min, madubin ma na fara jin nauyinsa.

Shari'a goma sha ɗaya na samu a tsawon wannan lokaci. Bakwai dattawa suka sasanta kafin a zauna. Huɗu na faɗi, domin a ƙasarmu ba a kawo shaida sai mai furfura.

Yayata Hansatu, wadda ta riƙe ni tun rasuwar Inna, ita ce ba ta ɗage zama. Kowace Juma'a tana aiko min da dambu, sannan ta biyo bayan dambun da kanta.

"Gali, jikata ta yaye. Jika fa na ce."

"Allah ya raya, Yaya."

"Kada ka yi min Allah ya raya. A gidan biki nuna ni ake yi, ga yayar tuzurun nan mai hular tunkiya."

"Yaya, alkawari na yi. Shari'a ɗaya kawai."

"To ka kai ni ƙara mana! In je in ce na yi laifin, ka ci, mu huta."

Haka muke har bara, da Ramlatu ta shigo shagona.

Malamar lissafi ce a Kibiya, mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ta zo ne in rubuta mata yarjejeniyar hayar shago inda za ta sa kekunan ɗinki biyu. Atamfa ce a jikinta koriya mai zanen ganye, mayafi ruwan toka, tabarau siriri, da baƙin lalle a yatsu wanda ya fara kodewa. Na buga takardar, na miƙa mata biro. Ba ta karɓa ba. Ta gyara zama ta karanta. Shafi uku, daga sama har ƙasa. Masu karatu, tunda na buɗe shagon nan ba a taɓa karanta abin da na rubuta ba. Hannu ake dangwalawa a tafi. Ina kallon ta ina jin kamar waƙa na rubuta mata.

Ta ɗago ta ce, "Barista, nan ka ce mai shago zai iya korata ba sanarwa. Ni kake wa aiki ko shi?"

Na gyara. Na kuma karɓi lambarta saboda ko wani gyaran zai taso. Ya taso kusan kullum.

Bayan wata biyar ina zuwa zance Kibiya, hula a bayan babur, na tura kawuna da goro wajen mahaifinta, Malam Badamasi na Kahu. Babban malami ne, manya ke ɗaukar karatu a zaurensa bayan la'asar. Kawu ya dawo da goronsa ko ɗaurin ba a kwance ba.

Ashe shekarun baya an taɓa kiran Malam shaida a birni. Wani lauya ya nuna shi da biro, ya kira shi "Badamasi", haka gatsau, ba Malam ba komai, ya ce masa ya daina zagaye-zagaye. A ƙofar kotun Malam ya rantse ba zai taɓa ba lauya 'yarsa ba.

Na rubuta wa Ramlatu: *Ba a kaffara ne? A ciyar da mutum goma, ni zan kawo shinkafar.*

Ta amso: *Na gwada. Ya ce shi ba ya rantsuwa don ya ci ta da miya.*

*To yanzu fa?*

*Yanzu ka ci gaba da abin da ka fi iyawa. Jira.*

Ina cikin jiran ne, farkon damina, wata tsohuwa ta shigo shago da ƙwarya a ka. Inna Jumai, mai daddawa, ita ma daga Kahu. Ta zauna a ƙasa, ta ƙi kujera.

"Kai ne lauyan?"

"Ni ne, Inna."

"An ce ba ka taɓa ci ba."

"Ana dai ta ƙoƙari."

"To ni ma ban taɓa zuwa kotu ba. Mu je mu koya tare."

Maganarta gajera ce. Mijinta ya bar mata gona, a tsakiyarta akwai wata babbar ɗorawa. Da kalwar ɗorawar nan, wato 'ya'yanta, take yin daddawar da take ci da kanta. Maƙwabcinta Alhaji Mahdi ya kawo tarakta ta yi masa huɗa, tarakta ta tuge gambar da ke kan iyaka, da aka wayi gari iyaka ta yi tafiya taku ashirin, ɗorawa ta koma gonar Alhaji. Mai unguwa ya yi magana, Alhaji ya ce shi sai kotu, yana da lauya a Kano.

Na shigar da ƙara a Kibiya. A karon farko cikin shekaru na zare jaridun nan daga fayil na sa takardun gaske. Sai ga sunan shaidarsu ya zo. Mutum ɗaya ne, wanda aka yi cinikin gonar Alhaji a gabansa shekara goma sha biyu da suka wuce.

Malam Badamasi, Kahu.

Na karanta sau uku. Na fita na tsaya wajen mai faci ina kallon yadda yake neman huji a cikin ruwa. Ku da kuka san garuruwanmu kun san mutum ko hanya ba ya haɗawa da surukinsa, in ya hango shi kwana yake yi. Ni kuwa an ce in tsaya gabansa, a gaban jama'a, in tuhumi maganarsa.

Na ɗauki hoton takardar na tura wa Ramlatu. Alamar ta gani ta fito. Tana rubutu, ta daina. Tana rubutu, ta daina. Can sai ga saƙon murya.

"Barista, ka saurara da kyau, ba zan maimaita ba. In ka ɗaga wa Baba murya, ko ka nuna shi da biro, ka goge lambata. In kuma ka bari aka cinye gonar tsohuwar nan don kana so na, to ni da kaina zan goge taka."

Na rubuta: *Akwai hanya ta uku?*

*Kai ka yi karatun.*

Yaya Hansatu da ta ji, sai ta dafe kai. "Ka ce ba ka da lafiya. Ka ce shawara ce ta kama ka. Ni zan shafa maka kurkum a ido."

"Yaya, wannan ce damata."

"Damar me? Ka ci shari'a ka rasa mata, ko ka rasa shari'a ka rasa mata? Allah ya jiƙan Inna, da ta sani da ɗinki ta sa ka."

Na zauna na rubuta tambayoyi arba'in. Na tace su, na wanke su, na cire duk wadda ke da ƙaya, har na ga saura uku. Na mayar da sauran. Na cire madubin daga bango na jingina shi a ƙasa, na yafa masa farin rawani, don in saba. Kwana tara ina fama. Rana ta goma na iya kaiwa tambaya ta shida ban ce "Allah ya gafarta" ba.

Ranar Alhamis aka kwana ana ruwa. Na sa kwat ɗina baƙa wadda Yaya ta goge da dutsen gawayi har ta yi ƙyalli a gwiwar hannu, farar riga, da takalmi mai igiya. Da gangan na zaɓi mai igiya, na ɗaure shi tamau, ƙulli biyu, don kada ya fita da kansa.

Kotu ta cika. Rabin Kahu sun zo, wasu don Inna Jumai, wasu don Malam, mafi yawa don an ce musu lauyan da ke neman 'yar Malam ne zai yi masa tambaya. Ramlatu tana can baya wajen mata, da mayafi shuɗi, ba ta ko kalle ni ba.

Lauyan Alhaji matashi ne, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya tsayar da Malam, ya ce ya amsa da e ko a'a kawai.

"An yi cinikin gonar Alhaji a gabanka?"

"E."

"Gonar da ke wajen ɗorawa?"

"E. Sai dai ita ɗorawar..."

"Na gode, ya isa."

Ya zauna yana murmushi. Mai shari'a ya dube ni ta saman tabarau. "Barista Gali, bismillah."

Na miƙe da takardata. Na yi taku uku. Malam ya juyo. Farin rawani, farin gemu, sanda a jingine, idon Ramlatu sak a fuskarsa.

Masu karatu, ban san lokacin da na kwance ƙulli biyun nan ba. Mutane sun ce da sauri na yi, kamar wanda ya makara sallah. Na dai ji sanyin siminti a tafin ƙafata, na ji gwiwata ta taɓa ƙasa, na ji wani a baya ya ce, "Shi ke nan, ya tafi."

"Allah ya gafarta Malam, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Inna Jumai ta ce da ƙarfi, "Wannan shi ne aikin?" Mai shari'a ya buga tebur. Ni kuwa na riga na hau, ba birki. Na tambayi masu ɗaukar karatu. Na tambayi ƙafarsa da aka ce tana ciwo. Takardar tambayoyi arba'in tana hannuna, ta jiƙe da gumi, ko kallonta ban yi ba.

"Ya jikin Hajiya uwargida? An ce ta kwana biyu ba ta jin daɗi."

Malam ya yi ajiyar zuciya. Kun san dattijo in aka taɓo abin da ke damunsa.

"Da sauƙi. Cin abincin ne dai ya gagara. Miya ba ta shigar mata. Shekara talatin da daddawar Jumai ake mana miya, bana babu. An sayo ta kasuwa ta ce wari take mata."

Ni kuma, da zuciya ɗaya, don abin ya ba ni tausayi, na ce, "Ashsha! Me ya hana bana?"

"To ina za ta samu kalwa? Ɗorawar tana tsakiyar gonar mijinta tun muna samari. Da tarakta ta tuge gamba aka shigar da ita wajen Alhaji, ai ko ɗaya ba a bar ta ta tsinka ba."

Mai shari'a ya ɗauki biro.

Lauyan Kano ya zabura. "Ya mai shari'a, wannan gaisuwa ce, ba shaida ba ce!"

Mai shari'a bai ɗago ba, biro yana ta tafiya. "Shaida yana tsaye a inda shaida ke tsayawa. Na rubuta. Malam, lokacin da aka yi cinikin, ina iyakar take?"

"Taku ashirin gabas da ɗorawa. Ni na taka da ƙafata."

"Me ya sa ba ka faɗa ba tun ɗazu?"

"An ce min e ko a'a."

Alhaji Mahdi ya cire hula ya mayar. Mai shari'a ya dube ni, har yanzu ina durƙushe. "Barista, akwai sauran tambaya?"

"Babu, ya mai shari'a. Sai dai a gaida Hajiya."

Bayan mako biyu aka je gonar da dagaci, aka tona, aka tarar da saiwar gamba daidai inda Malam ya ce. Aka mayar wa Inna Jumai ɗorawarta. Ta aiko min da daddawa cikin ƙwarya, har yau shagona warinta yake, mai markaɗe ya ce in rage.

Na ci shari'a. Bayan shekara goma sha tara.

A nan zan sake faɗin wani laifin. Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake dabara ce. Na ce na daɗe ina nazarin hanyar, na ma sa mata suna, tambaya ta ƙarƙashin gaisuwa. Na sa aka sake fentin allon shago. Na rubuta wa Barista Mukhtar wasiƙa mai shafi biyu, na tuna masa abin da ya faɗa min a ofishinsa, na ce ina fatan yana cikin masu rai da zai ga yau. Wasu ɗaliban lauya 'yan Rano suka gayyace ni in yi musu magana, na je da hular a hannu, na yi awa guda ina gaya musu cewa sirrin aikin nan naci ne. A kore ka, ka dawo. A yi maka dariya, ka goge kwat. Ka tsaya gaban madubi kullum. Wata ɗaliba har hawaye ta yi. Ni ma na kusa.

Abu ɗaya ne ya rage, Kahu shiru. Ramlatu tana amsa gaisuwa, ba ta ƙarawa. Na kasa gane ko Malam ya ji haushin an sa shi ya kunyata Alhaji a gaban jama'a. Yaya Hansatu ta sayi sabon goro ta ajiye a randa, kullum tana yayyafa masa ruwa tana harara ta.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, ina cin dambu, Yaya tana zaune a kaina, waya ta yi ƙara. Saƙon murya, daƙiƙa goma sha tara. Yaya ta ce, "Sa a fili, ni na raine ka."

Na danna.

"Barista, Baba ya ce ku turo ranar Lahadi."

Yaya ta rangaɗa guɗa har mai faci ya leƙo. Ni na miƙe tsaye, cokali a hannu, ina cewa, "Kin gani? Kin ga abin da naci ke yi? Shari'a ɗaya na ce!"

"Yi shiru, ba ta gama ba."

Na mayar da saƙon baya kaɗan.

"Ya ce rantsuwarsa tana nan, ko gobe ba zai ba lauya 'yarsa ba. Amma ya ce ya tsaya a kotu ya kalle ka da kyau, kuma ya samu natsuwa. Kai ba lauya ba ne."